Tankar Baffa Ba Koriya Ba Ce

Ranar da aka kai Baffa makwancinsa ban yi kuka a maƙabarta ba. Sai da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu a Karaye, mutane suka fara zuwa gaisuwa, sannan raina ya ɓaci, kuma ba mutuwar ce ta ɓata shi ba. Mutuwa ta Allah ce, Baffa kuma ya sha miya. Yadda ake yi masa addu'a ne ya tsaya mini a wuya.

Mutum zai zo ya durƙusa, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan mai tanka," sai ka ga gefen bakinsa na motsi, yana danne murmushi. Wani dattijo daga Yola, Yolarmu ta nan kusa, ya shafa fatiha ya ƙara da cewa, "Allah ya yafe masa, har da zuƙi-ta-mallen nan na tsofaffin sojoji." Aka ce amin. Har Yaya, babban ɗan Baffa na cikinsa, ya ce amin. Ni ban ce ba. A cikin gida kuwa mata suna tuna yadda yake zana furanni a akwatunan ƙarfe na amare, suna cewa hannunsa da albarka, sai dai fa in an zo kan zancen tankar yaƙi, nan kam tsufa ya taɓa shi.

Mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ya sanyaya mini zuciya, wato amininsa, wani makiyayi daga Kwanyawa. Ya jingine sandarsa, ya zauna can bakin tabarma, bai kula kowa ba. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Idonsa ya fi na garin nan duka, har bayan ya daina gani." Saboda murmushin nan na masu gaisuwa nake wannan rubutu. Baffa bai yi ƙarya ba, kuma ni ne mutumin da ya fi kowa cancantar faɗi, domin ni na fi kowa ci masa fuska.

Ƙanin mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina goye, Baffa ya ɗauke ni, ya sa ni makaranta, har na zama malami, daga baya hedimasta a wata makaranta a Rogo. Tun ranar da aka ba ni muƙamin bai ƙara kirana da sunana ba, sai "Malam hedimasta", da wata murya da ba ka gane yabo ne ko shaƙiyanci.

A yaƙin duniya na biyu aka ɗebe shi. Yawancin samarin ƙasarmu ƙasar Bama ta ƙetaren teku aka kai su, daji da ruwan sama, su ne suka dawo da labarin harbi. Shi Masar aka kai shi, cikin rundunar da ba a ba su bindiga ba, sai shebur da diga da dakon kaya. Wata rana wani sajan Bature ya ga yana shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, ko ɗigo bai zubar ba, sai ya ja shi zuwa garejin da ake gyaran tankoki, ya danƙa masa buroshi. Yaƙin Baffa ke nan gaba ɗaya. Bai taɓa ɓoyewa ba, bai taɓa ƙara gishiri ba. In 'yan majalisa suka tsokane shi da "Soja, mutum nawa ka harbe?" sai ya ce, "Ko ƙadangare ban harba ba. Ni ɓoye mutane aka sa ni, kada a harbe su."

Yakan ce tankokin da koren fenti suke saukowa daga jirgin ruwa, aikinsu shi ne su kashe koren nan, domin a rairayin can abu kore tun daga nesa ake hango shi. Wasu tankokin kuma daga fagen fama ake jawo su, sai an wanke cikinsu kafin a shafe su a mayar. Abin da ake wankewa bai taɓa faɗa mana ba. In zance ya kai nan sai ya tashi ya ce zai duba akuyarsa.

To, kalar da suke shafawa ita ce ta jawo masa abin dariya shekara da shekaru. Ya ce fari-fari ce mai ja-ja, ruwan hoda amma wanda ya koɗe, sannan a bi ta da manyan dabbare na kore mai duhu irin na miyar kuka, a shafa fari a ƙarƙashin bakin igwa don a kashe inuwa. Ruwan hoda! Mutanen da duk motar sojan da suka taɓa gani koriya ce, ka ce musu tanka ruwan hoda? Majalisa takan kwashe da dariya, wani ya ce, "Baba soja, ko dai akwatin amarya suka ba ka ka ɗauka tanka ce?" Baffa ba ya fushi, ba ya kuma ja da baya. Sai ya ce, "Kai ka ji an faɗa. Ni hannun nan ne ya shafa."

A wajen kala dama haka yake, ba ya sassauci. In ka zo rumfarsa ta fenti a kasuwar Rogo ka ce a shafa maka ƙofa koriya, ka shiga uku. "Wane koren? Na ganyen dalbejiya, ko na ɗanyen mangwaro, ko na gansakuka?" Ba ya yanke hukunci a kan fenti yana ɗanye, ba ya duba shi a inuwa, ba ya duba shi da la'asar. Sai ya bushe, a fito da shi rana da hantsi. Inna, matarsa, takan ce ta auri mutumin da zai iya hana ta fita unguwa don ɗankwalinta ya yi faɗa da zaninta. Amma duk damina in ta wuce, shi yake zagaya makarantun ƙauye da gwangwanin baƙin fenti a bayan keke yana sabunta musu allunan bango, ba a aike shi ba, ba ya kuma yarda ko goro a ba shi.

Cikin shekarun tamanin, da ya ji idonsa ya fara yin hazo, ya rufe rumfa ya zauna a soro ya ce zai ƙera tankar. Ya ce tunda baki ya kasa, bari ya nuna musu. Garwar kananzir ya yanka ya yi jikinta, ya liƙe da dalma. Da sarƙar keke ya yi mata ƙafafu, bututun famfon keke ya zama igwa. Ba da ka ya yi awon ba. Ya tuna inda kowane sashe yake kai masa a jiki, wannan a ƙugu, wancan sai ya ɗaga hannu, ya mayar da kowane taku ɗaya gaɓar yatsa ɗaya. Ta fito ta ɗan ɗara kamu guda. Ƙirar wata biyu ta ci masa. Fentin kuwa ya fi shekara.

Ya sayi fari da ja da rawaya, ya yi ta haɗawa a murfin gwangwani da tsinke, yana shafawa a guntayen kwano yana jerawa a katanga. Ya je Kwanyawa ya ɗebo jar ƙasa ya tankaɗe ya gwada. A can ne makiyayin nan ya same shi a bakin rafi yana murza ƙasa a tafin hannu, ya tambaye shi, Baffa ya ba shi labari yana jiran dariya. Mutumin bai yi ba. Ya ce su a ruga duk saniya da sunan kalarta, kuma jar saniya da jar saniya ba ɗaya ba ne, don haka wanda ya ce ya ga wata kala a wata ƙasa, shi me zai sa ya ƙaryata shi? Tun daga nan duk ranar kasuwa sai ya biyo soron Baffa, su fito da guntayen kwano rana, su yi ta musu. "Wannan ya yi ja da yawa." "Kai ka je Masar ɗin?" "Ban je ba, amma ran nan ka ce kamar hancin maraƙi, wannan kuwa ya wuce hancin maraƙi." Ranar da suka dace, Baffa ya sa Inna ta yanka zakara.

Yanzu ga nawa laifin, ba zan yi masa kwaskwarima ba.

Makarantarmu ta shirya bikin rabon kyaututtuka, za a baje aikin hannu a tebura, babban baƙo kuma wani manjo ne daga Kano. Lokacin mulkin soja ne, kowa ya san yadda ake kaffa-kaffa da mai kaki. Na ce wa Baffa ya ara mini tankar in nuna. Wallahi har yau ina ganin fuskarsa. Ya miƙe zaune, ya ce, "Soja zai gani? Na gaske?" Ya naɗe ta da tsohon rawaninsa da kansa, ya ce kada a ɗora komai a kanta, ya ce shi ma zai zo ranar.

Da na buɗe ta a ofishin malamai, dariya ta kusa ɗage kwano. Mataimakina ya share hawaye ya ce, "Ranka ya daɗe, wasa ya isa. A mulkin soja za ka ajiye tanka ruwan hoda a gaban manjo? Cewa zai yi mata ka mayar da sojoji. Gadirum na barikin soja za ka kwana, mu kuma mu raka ka." Na san labarin Baffa tun ina yaro, na ci tuwon da buroshinsa ya saya, amma a ranar sai na ji a raina cewa ƙila dai tsohon ya manta ne, ƙila mutanen gari ne da gaskiya. Akwai ragowar koren fentin da muka shafe tagogin ajujuwa. Ana gobe biki, bayan an tashi yara, na rufe ofis na ɗauki buroshin shafen taga na bi ta da shi tas. Aikin shekara guda, ban yi minti ashirin ba. Tir da ni.

Baffa ya iso a motar farko daga Karaye, da farar riga da hular da yake zuwa idi. Ya gaisa da kowa, ya bi tebura yana kara ido kusa-kusa, ya wuce tankar sau biyu bai gane ta ba. A karo na uku ya tsaya, ya sa yatsa ya taɓa. Fentin bai gama bushewa ba, ya kama masa yatsa. Ya kai hanci ya sansana. Bai neme ni da ido ba, ai da ya fi mini sauƙi. Ya aiki mai gadi ya samo masa kananzir a kwalba, ya sauke tankar ƙasa, ya zauna dirshan a gaban teburin manyan baƙi, ya yage bakin rigarsa ta idi ya fara goge ta.

Ana tsakiyar jawabi aka yi tsit. Na ruga na durƙusa kusa da shi ina raɗa, "Baffa, don Allah, don Annabi, ka bari a tashi." Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Manjon ya sauko da kansa, saurayi ne mai ladabi, ban ga laifinsa ba. Ya ce, "Baba, lafiya? Ai ta yi kyau haka. Tankokinmu duk wannan kalar ce."

Baffa ya ɗago ya ce, "Naku. Allah ya ba ku sa'a da su. Wannan ba taku ba ce. Ɗana, ka taɓa shafa wa tanka fenti?"

Manjo ya yi murmushi ya ce bai taɓa ba.

"To ni na shafa, tun ba a haife ka ba. Akwai mutanen da suka koma wa iyayensu da rai saboda kalar da ke ƙarƙashin wannan ƙazantar. Ban zo a yarda da ni ba. Amma ba za a sa mata rigar ƙarya a ce tawa ce ba."

Manjo ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba," ya koma kujerarsa. Bai gaskata shi ba, na ga hakan a fuskarsa, tausayin tsoho kawai ya ji. Ba a kai kowa gadirum ba. An ci gaba da biki, Baffa na zaune a ƙasa yana guga. Sai dai kananzir bai san na kirki da na banza ba. Ya ɗauke korena, ya haɗa da fentin Baffa, abin ya dame ya zama wani irin taɓo. Ya naɗe ta a rawani ya tafi tasha, ko waiwaye bai yi ba.

Damina biyu Baffa bai yi mini magana ba bayan amsa sallama. In na zo gaishe shi sai ya ce wa Inna, "Ki tambayi Malam hedimasta ko ya ci abinci." Ya gwada sake haɗa kalar, amma yanar ido ta riga ta rufe shi, fari da rawaya duk ɗaya suke a wurinsa. Inna ta ce mini wata safiya ta same shi da murfin gwangwani a hannu yana tambayarta, "Wannan ja ne?" alhali baƙi ne. Daga ranar ya tura tankar ƙarƙashin gado. A gari kuwa zance ya zauna daram: ai ko ɗansa mai ilimi bai yarda da shi ba. Wannan maganar ita ta fi ci mini rai, domin ni na ba su ita.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da shi, na je na zauna a bakin gadonsa na ce ba zan tashi ba sai ya faɗa mini abin da zan yi. Can ya ce, "Jawo ta." Na jawo. "Kifa ta." Na kifa. Ya ce, "Malalacin mai fenti ba ya shafa ƙarƙashi. Duba bayan ƙafafun." Ai kuwa ga ta nan, wuri bai fi faɗin tafin jariri ba, inda buroshina bai kai ba, kananzir ma bai kai ba. Kalar Baffa, lafiyarta ƙalau. Ya ce, "Lalacinka ya yi rana. Ka haɗa irinta. In ka ga kamar ka dace, ba ka dace ba, ka kai wa mutumin Kwanyawa."

Asabar goma sha ɗaya na yi ina wannan aiki a bayan makaranta. Na kankare ta har ƙarfe, ban da wurin nan na ƙarƙashi. Na ɓata fenti ban san iyaka ba. Ashe ɗigon ja ɗaya a bakin tsinke yana mayar da abu kayan kwalliya, ɗigon rawaya ɗaya ya mayar da shi kunun kanwa. In ya bushe sai in hau babur in kai ruga da hantsi, makiyayin ya kara guntun kwanona da wurin nan na ƙarƙashi, ya karkata kai, ya ce, "Malam, ku da karatu, amma ido babu." Sau goma yana koro ni. A na goma sha ɗaya ya juya shi a rana ya juya, ya miƙo mini ya ce ta yi, sannan ya kira matarsa ta kawo mini nono. Dabbaren miyar kuka da farin ƙarƙashin igwa kuwa, Baffa ne ya kama yatsana ya bi da shi a jikin ƙarfen, nan ya faɗaɗa, nan ya lanƙwasa, ni kuma na zana da alli.

Da na aika masa cewa na gama, ya aiko Yaya da sharaɗi. Kada in naɗe ta, kada in sa ta a kwali, kada in hau babur. Ranar kasuwar Rogo zan ɗauko ta a hannu tun daga ƙofar makaranta, in ratsa kasuwa, in shiga motar haya, in sauka a tashar Karaye in tako har gida.

Na yi. Da babbar rigata da hulata, hedimasta guda, rungume da tanka ruwan hoda. Ɗalibaina na gani, iyayensu na gani. Masu hatsi suka bar awo suna nuna ni. Wani mahauci ya ɗaga murya, "Malam, ina amaryar?" A mota wata tsohuwa ta tambaye ni ko ta jikata ce. Da farko ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wajen rumfar masu gyaɗa sai wani abu ya taso mini, na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, duk wanda ya tanka in ce masa, "Haka take. A Masar haka take. Babana ne ya shafa." Har muryata ta dushe.

Na same shi an jingina shi da filo. Na ɗora masa ita a cinya. Ya bi ta da hannu tun daga igwa har ƙafafu, ya tsaya a kan dabbaren yana jin gefensu da farce. Na ce, "Baffa, mutumin Kwanyawa ya ce ta yi." Ya ce, "Shi na san zai faɗi gaskiya. Ba shi nake tambaya ba." Ya juyo da fararen idanunsa wajen muryata.

"Da ka ratso kasuwa, sun yi dariya?"

Na ce, "Sun yi, Baffa. Tun daga Rogo har ƙofar gida."

"Sosai?"

"Sosai."

Ya sauke numfashi, ya rungume ta a ƙirji. Ya ce, "To ita ce." Sannan ya kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun kafin a ba ni ofis, ya ce in matso ya sa mini albarka.

Kwana goma sha tara ya ƙara a duniya. Ya Allah, ga bawanka nan ya zo, bai harbi kowa ba, bai kuma canza shaidarsa don a daina yi masa dariya ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka masa shi, ka mayar masa da ganinsa a gidan da ba a ƙaryata mai gaskiya.

Tankar tana sorona a Karaye, a kan tebur, ba a rufe ba. Ƙofa a buɗe take. Duk mai son yin dariya ya zo ya yi, ni zan ba shi wurin zama, amma hannunsa ba zai taɓa ta ba.